Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Ran 13 ga watan Oktoba, 2008, Sakataren Baitulmalin Amurka na wancan lokaci, Mista Henry Paulson, ya kira shugabannin manyan bankuna tara na ƙasar zuwa ofishinsa a birnin Washinton. Wata guda ke nan da rushewar bankin Lehman Brothers, tsoro ya cika kasuwa, kowane banki yana ɗari-ɗari da ɗan'uwansa. Aka ajiye wa kowane shugaba takarda mai shafi ɗaya tak, aka ce ya sa hannu. Kafin dare ya yi nisa duka sun sa, Gwamnati kuwa ta ɗauki alkawarin zuba musu dala miliyan dubu 125 daga kuɗin jama'a. Ba wanda aka tambaya takardar albashinsa, ba kuma wanda aka ce masa ya je ya dawo gobe.

Bayan wata huɗu, ran 18 ga watan Fabrairu, 2009, sabon Shugaban Ƙasa Barack Obama ya tsaya a garin Mesa na Jihar Arizona ya ba da sanarwar cewa an zo kan talakawa. Ya ce an tanadi dala miliyan dubu 75 domin a sassauta wa masu gidaje miliyan 3 zuwa miliyan 4 bashin da ya fi ƙarfinsu, kada a fitar da su titi. Niyya ce mai kyau. Amma aka ɗauki wannan taimako aka danƙa shi a hannun bankunan da ke neman ƙwace gidajen, aka ce su ne za su duba wanda ya cancanta, su ne kuma za su raba. Daga nan aka kuskure hanya, kuma abin da ya biyo baya cikin shekara takwas ya isa shaida.

Kafin a shiga cikin maganar ya kamata mai karatu ya san yadda ake sayen gida a can. Ba kasafai mutum yake tara kuɗi ya sayi gida kuɗi hannu ba. Rance yake ci, yawanci na shekara 30, yana biya wata-wata tare da kuɗin ruwa, gidan kansa kuwa shi ne jingina. In ya kasa biya na wasu watanni sai a ƙwace gidan a yi gwanjonsa. A shekarun da suka gabaci 2007 bankuna da dillalansu sun yi ta tura wa mutane rance ido rufe, har da irin wanda ruwansa yake farawa kaɗan sa'an nan ya yi tsalle bayan shekara biyu ko uku. Da kasuwar ta juya, farashin gidaje ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2012, rashin aiki ya kai kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoban 2009. Aka wayi gari magidanta wajen miliyan 11 bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki, watau ko sun sayar ba su fita ba. A shekarar 2010 kaɗai an ƙwace gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Shirin sassaucin, wanda aka fi sani da sunan HAMP, a rubuce ba shi da wuyar ganewa. Za a rage abin da mai gida yake biya a wata ya koma kashi 31 cikin ɗari na abin da yake samu. Hanyar ragewar ita ce a sauke kuɗin ruwa, ko da zai kai kashi 2 cikin ɗari, in bai isa ba a tsawaita lokacin biya har shekara 40. Za a fara da gwaji na wata uku. Wanda ya cika biyan wata ukun nan, takardunsa kuma suka cika, sai a tabbatar masa da sabon tsari. Bankin da ya yi aikin za a ba shi ladan dala 1,000 nan take, da wata dala 1,000 a kowace shekara har shekara uku muddin mai gidan yana biya.

To, ina gizo yake saƙa? Yana saƙa ne a wani wuri da mafi yawan masu gidajen ba su ma sani ba. Bankin da suke kai wa kuɗi kowane wata, sau da yawa ba shi ne mai bashin ba. Tun da daɗewa an tattara basusukan dubu-dubai an ɗaure su dami-dami an sayar wa masu zuba jari a ko'ina cikin duniya, har da asusun 'yan fansho da kamfanonin inshora. Bankin ya zama wakili ne kawai mai karɓa. Duk wanda ya taɓa zaman haya a babban birni ya san bambancin mai gida da wakilin mai gida. Mai gida yana iya jin tausayi, ko kuma ya yi lissafi ya ga gara ɗan haya mai biyan rabi da ɗaki a kulle. Wakili kuwa abin da zai shiga aljihunsa yake dubawa.

Lissafin wakilin nan ya saɓa wa na mai bashi, ya kuma saɓa wa na mai gida. La'adarsa wani ɗan kaso ne na uwar kuɗin da ta rage, saboda haka duk ragin da aka yi wa uwar kuɗin ragi ne ga la'adarsa. Tarar da ake ci wa wanda ya makara wajen biya, shi yake riƙe ta. Haka kuma kuɗaɗen da yake ƙirƙiro wa wanda ya shiga matsala, na zuwa duba gida, na lauya, na inshorar dole. In mai gida ya daina biya, tilas wakili ya ci gaba da biyan masu jari daga aljihunsa na wani lokaci, hanyar da ta fi sauri da zai maido da kuɗinsa kuwa ita ce gwanjo, domin ranar da aka sayar da gidan shi ne yake fara ɗiban nasa kafin kowa. Masu jari a shekarun nan suna iya asarar rabin bashin a gwanjo guda, iyali kuma su rasa matsuguni, amma wakili ya fita da ribarsa cif. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sassauci kuwa aiki ne mai cin lokaci, yana bukatar ma'aikaci mai ilmi ya zauna ya duba fayil ɗaya-ɗaya. Mutumin da aka tsara wa kasuwanci haka, dala 1,000 ba za ta sauya masa hali ba, kuma jami'an Baitulmali ba yara ba ne da za a ce ba su san wannan ba.

Abin da masu gidaje suka gamu da shi kusan iri ɗaya ne daga wannan jiha zuwa waccan. Mutum ya aika da takardun albashi da na haraji, bayan mako shida a ce ba a gan su ba. Ya sāke aikawa, a ce shafi ɗaya ya ɓace. Kafin a gama neman shafin, a ce takardun farko sun tsufa, a kawo sababbi. Duk lokacin da ya buga waya wani akawu dabam ne zai ɗauka, wanda bai san inda aka kwana ba. Gwajin wata uku ya zama na wata tara, ya zama na shekara. Mafi muni, sa'ad da wani sashe na bankin yake ce masa ya kwantar da hankalinsa ana duba maganarsa, wani sashen na wannan banki yana can yana ci gaba da shirin gwanjon gidan. An sami mutanen da suka ji labarin an sayar da gidajensu alhali suna tsakiyar biyan kuɗin gwaji.

Gwajin kansa ya zama tarko. Tun da abin da mutum yake biya a lokacin gwaji bai kai cikakken kuɗin wata ba, ragowar tana taruwa a kansa a matsayin bashin da ya makara. Ranar da aka ce masa bai cancanta ba, sai a miƙo masa lissafin ragowar gaba ɗaya tare da tara, a ce ya biya a dunƙule. Mutumin da ya shigo shirin yana ɗingishi sai ya fita da karaya. Zuwa tsakiyar shekarar 2010, waɗanda aka kora daga gwajin sun fi waɗanda aka tabbatar wa yawa.

Bankunan sun ce aiki ne ya yi musu yawa, ba su da isassun ma'aikata, Baitulmali kuma kullum tana sauya ƙa'idoji. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a watan Yunin 2013 wasu tsofaffin ma'aikatan Bank of America suka ba da shaida bisa rantsuwa a wata kotun tarayya a birnin Boston. Suka ce an umarce su su riƙa gaya wa mutane ba a sami takardunsu ba alhali suna nan a ajiye, ana kuma tara fayiloli a yi watsi da ɗaruruwa a lokaci guda da dalilan ƙarya, ma'aikacin da ya tura gidaje goma ko fiye zuwa layin gwanjo cikin wata kuma ana ba shi tukuicin dala 500. Bankin ya musanta wannan magana. Sai dai alƙaluman da Sufeto na musamman mai sa ido kan kuɗin ceto ya fitar a 2015 ba su da mai musantawa: cikin magidanta wajen miliyan 5.7 da suka nemi sassaucin, kimanin miliyan 4 an mayar da su hannu rabbana, watau bakwai cikin kowane goma.

Bankunan nan da suke korar mutum saboda shafi ɗaya, nasu takardun fa? A shekarar 2010 asiri ya tonu. Wani ma'aikacin kamfanin GMAC ya amsa a gaban lauyoyi cewa yana sa hannu a kan takardu wajen 10,000 a wata, ciki har da takardun rantsuwa da ake kai wa kotu domin ƙwace gida, waɗanda suke cewa shi da kansa ya duba lissafin ya tabbatar. Mai karatu ya raba 10,000 da kwanakin aiki na wata ya ga ko akwai ɗan Adam da zai iya karanta su. GMAC ya dakatar da gwanjo a jihohi 23, JPMorgan Chase ya bi sahu, Bank of America ya dakatar a duk jihohi 50 na ɗan lokaci. A Jihar Jojiya kuma aka gano wani kamfani mai suna DocX inda ake ɗaukar ma'aikata su yi ta rattaba sunayen wasu mutane a kan takardu fiye da miliyan ɗaya. Shugabar kamfanin ta sami ɗaurin shekara biyar a 2013. Manyan da aka yi wa aikin kuwa ba wanda ya kwana a kurkuku a kan wannan.

Akwai masu cewa, ai wanda ya ci bashi shi ya sa hannu, don me za a ɗauki harajin maƙwabcinsa mai tattali a rufa masa asiri? Wannan magana ta yi ƙarfi ƙwarai a Amurka. Washegarin jawabin Mesa wani mai sharhin kasuwanci na gidan talabijin na CNBC, Rick Santelli, ya yi ta faɗa a kanta daga zauren kasuwar Chicago, kuma ana lissafa wannan faɗa cikin abubuwan da suka haifar da ƙungiyar Tea Party. Ba za a ce babu masu ganganci ba, akwai waɗanda suka sayi gida na biyu da na uku don caca da farashi. Amma shirin tun farko na gidan da mutum yake zaune a ciki ne. Da yawa cikin masu neman kuwa aikinsu ne ya tafi a cikin rikicin da ba su suka haddasa ba. Wasu kuma cutarsu aka yi tun ranar ba da rancen: a 2011 Ma'aikatar Shari'a ta sa an biya dala miliyan 335 kan zargin kamfanin Countrywide ya ɗora wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ruwa fiye da na Turawa masu hali irin nasu, a 2012 kuma Wells Fargo ya biya dala miliyan 175 kan irin wannan zargi. Bugu da ƙari, in sa hannu a kan takarda shi ne ƙarshen magana, to bankunan ma sun sa hannu a kan cacar da ta kusa hallaka su, amma ba a ce musu su ɗanɗana kuɗarsu ba. Gaskiya ne mafi yawansu sun maido da kuɗin ceton har da riba. Dalili kuwa shi ne an ba su lokaci sun numfasa, abin da mai gida yake roƙo ke nan.

Laifin bai tsaya a kan guga ba. Mai rijiyar da ya san gugan a huje yake, ya kuma ƙi sauya shi, shi ma yana da nasa kaso. Akwai wata sanda da aka iya riƙewa a kan bankuna, aka yar da ita da gangan. A dokar Amurka alƙalin kotun masu karayar arziki yana da ikon rage bashin da ke kan jirgin ruwan shaƙatawa ko gidan hutu na attajiri, amma ba shi da ikon taɓa bashin gidan da talaka yake kwana a ciki. Mista Obama ya goyi bayan a gyara wannan sa'ad da yake neman zaɓe. Majalisar Wakilai ta amince a watan Maris na 2009. Da aka zo Majalisar Dattawa ran 30 ga watan Afrilu, ƙuri'a 45 suka goyi baya, 51 suka ƙi, ciki har da dattawa 12 na jam'iyyar Shugaban Ƙasa, Fadar Shugaban kuwa ba ta yi wani ƙoƙarin a zo a gani ba. Sanata Dick Durbin, wanda ya kawo ƙudurin, ya faɗa a fili a lokacin cewa bankuna su ne masu Majalisar. Da dokar ta wuce, da kowane banki ya san in bai sassauta da kansa ba alƙali zai yi masa. Da ta faɗi, sassauci ya koma alfarma.

Baitulmali ita ma ba ta ɗaga murya ba sai a watan Yunin 2011, sa'ad da ta riƙe ladan Bank of America da JPMorgan Chase da Wells Fargo saboda rashin kyawun aikinsu, daga baya kuma ta sakar musu. Mista Neil Barofsky, wanda ya fara riƙe muƙamin Sufeto na musamman, ya bayyana a 2012 cewa ya ji Sakataren Baitulmali Timothy Geithner yana bayanin amfanin shirin ta fuskar bankuna, watau ya rarraba ƙwace gidajen cikin shekaru yadda asarar ba za ta faɗo musu gaba ɗaya ba. In haka ne, jan ƙafar da ya azabtar da magidanta bai ɓata wa masu tsara shirin lissafi ba.

Ba a ce shirin bai amfani kowa ba. Fiye da magidanta miliyan ɗaya da rabi sun sami tabbataccen sassauci kafin a rufe karɓar takardu a ƙarshen 2016, ragin kuwa yakan kai dala 500 da 'yan kai a wata, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma bai kai rabin abin da aka yi alkawari a sama ba, wajen sulusinsu kuma sun sāke faɗawa cikin rashin biya. Gidajen da aka ƙwace tsakanin 2007 da 2016 sun haura miliyan 7.

Sa'an nan aka zo biyan diyya. A watan Fabrairun 2012 Gwamnatin Tarayya da jihohi 49 suka yi sulhu da bankuna biyar, Bank of America, JPMorgan Chase, Wells Fargo, Citigroup da Ally, a kan dala miliyan dubu 25. Adadin yana da daɗin ji. Tsabar kuɗin da ke ciki wajen miliyan dubu 5 ne kawai, sauran maki ne da banki yake samu in ya yafe wani bashi, har da yafewar da ake yi bayan mai gida ya yarda ya sayar ya tashi. Waɗanda aka riga aka ƙwace wa gidaje tsakanin 2008 da 2011 kowannensu ya sami kimanin dala 1,480. Jihohi da dama kuma suka karkatar da kasonsu zuwa cike giɓin kasafin kuɗi, Kalifoniya kaɗai ta karkatar da dala miliyan 331, har sai da aka kai ta kotu. Wani binciken dabam da hukumomin kula da bankuna suka sa a yi tun 2011, na duba fayil ɗaya-ɗaya, bankunan ne suka zaɓi kamfanonin da za su bincike su. Kamfanonin suka ci wajen dala miliyan dubu 2, aka tsayar da aikin a watan Janairun 2013 ba a kammala ba, aka raba dala miliyan dubu 3.6 ga mutane fiye da miliyan 4. Mafi yawansu dala 300 suka samu. Wasu ma cikin na farko da suka kai cek ɗinsu banki, aka ce musu ba za a iya biya ba tukuna.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne Amurka ta taɓa bin wata hanyar. A 1933, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, Gwamnati ta kafa hukuma tata ta kanta wadda ta sayi basusukan daga hannun bankuna ta sāke tsara su. Cikin shekara uku ta ɗauki gidaje wajen miliyan ɗaya, kimanin huɗu cikin biyar suka tsira, da aka rufe ta a 1951 kuma ba ta bar wa Gwamnati asara ba. Tana da nata tabon, domin taswirorin da ta zana sun sa wa unguwannin baƙaƙen fata jan layi, abin da ya daɗe yana cutar da su. Amma dai ba ta bar mai bin bashi ya zama alƙali ba.

Daga baya an koyi wani abu. Tun daga watan Janairun 2014 ƙa'idar tarayya ta hana fara shirin ƙwace gida sai biya ya makara da fiye da kwana 120, ta kuma taƙaita tafiyar da gwanjo sa'ad da ake duba takardar neman sassauci. Da annobar korona ta zo, dokar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2020 ta ce duk mai bashin gida da Gwamnatin Tarayya ta tsaya masa, in ya ce annobar ta taɓa shi, tilas a ɗage masa biya na kwana 180, ana kuma iya ƙara wasu 180, ba tare da ya kawo takardar shaida ko ɗaya ba. A tsakiyar shekarar masu gidaje fiye da miliyan 4 suna cikin wannan ɗagi, kuma ambaliyar gwanjon da aka ji tsoro ba ta zo ba. Bankunan nan ne dai, da akawunansu da na'urorinsu. An cire musu ikon cewa a'a ne kawai.

Wannan gyara bai mayar wa kowa gidansa ba. A watan Agustan 2018 Wells Fargo ya bayyana cewa wani kuskuren lissafi a kwamfutarsa, wanda ya fara tun 2010, ya sa an hana mutane 625 sassaucin da suka cancanta, kimanin 400 daga cikinsu kuma an ƙwace gidajensu. Ya ware dala miliyan 8 domin diyya, watau dala 12,800 ga kowane mutum in an raba daidai. Bayan wata uku bankin ya sāke duba littattafansa, ya ce ashe mutanen 870 ne, gidajen da suka salwanta kuwa 545.